Yadda ake gyara linta mai rauni a saman ƙofar silaidin ba tare da bango ya zubo ba

Aikin da aka fi kirana a kansa idan ana yi wa gida kwaskwarima shi ne wannan: an fasa taga mai ƙafa 4 an faɗaɗa ta ta koma ƙofar gilashi mai zugewa, ƙafa 7 ko 8, an saka firem ɗin alminiyam an yi filasta da fenti, amma ba wanda ya taɓa lintar da ke sama, wato zubin kankare da rodi da ke ɗauke da bangon saman taga ko ƙofa. Ita kuwa lintar nan an zuba ta ne dan taga, tsawonta bai fi ƙafa 5 da ɗan wani abu ba, kaga kenan yanzu ba ta zaune a kan komai, ko kuma gefe ɗaya ne kawai ya ɗan kama bulo da inci biyu. Abin da ke riƙe da bangon sama sai filasta da firem ɗin ƙofar, shi kuma alminiyam ba a yi shi dan ɗaukar kaya ba ko kaɗan.

Zaka gane matsalar tun kafin ka fasa komai. Ƙofa tana tafiya lafiya a gefe amma in ta zo tsakiya sai ta cije sai an sa ƙarfi, ko gilashi ya tsage ba wanda ya buge shi, ko kaga tsaga ta tashi daga kusurwar ƙofar ta yi sama a karkace tana bin layin bulo kamar matakala. Ɗauki tef ka auna tsayin ƙofar a hagu, a tsakiya, a dama. In tsakiya ta fi gajarta ko da rabin inci ne to sama ta fara sauka.

Abu ɗaya na lissafi da ya kamata ka riƙe: in ka ninka faɗin ƙofa sau biyu, ƙarfin da ke neman lanƙwasa lintar ninkuwa yake sau huɗu, ba sau biyu ba. Shi yasa lintar da ta yi shekara ashirin lafiya a kan taga ba za ta iya da ƙofar ƙafa 8 ba ko da tsawonta ya kai. Kuma kankare yana da ƙarfi wajen danni amma ba ya jure ja, ƙasan linta kuwa ja yake sha, saboda haka manyan rodi a ƙasa suke zama.

Dan Allah kafin mu ci gaba, wannan bayanin na gida ne mai hawa ɗaya, ginin bulo, rufin kwano, faɗin ƙofa bai wuce ƙafa 8 ba. In akwai dekin a sama, ko bene, ko tankin ruwa, ko wani bim ya sauka a kan wurin, ko faɗin ya wuce haka, nemo injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya zo ya gani da idonsa ya rubuta maka girman bim da yawan rodi.  Sannan bidiyoyin da ake gani a YouTube yawanci na Amurka ne inda da katako suke gina bango, su katako biyu suke haɗawa su kafe da kusa shikenan, wannan ba zai yi a bangon bulo ba.

Kayan da zaka tanada

Na tokara, su ne farko kuma su ne suka fi komai muhimmanci: tokarar ƙarfe mai zare wadda ake murzawa ta hau ta sauka, guda 6 zuwa 8, ana bada hayarsu wajen masu kayan dekin. Guntayen ƙarfe masu ƙarfi ko katako mai tauri inci 4 x 6, tsawon ƙafa 5, guda 3, waɗanda za a zura ta cikin bango. Falanki mai kauri na shimfiɗawa a ƙasa, da ƴan guntayen katako da aka fere baki na cusawa.

Na fasa: giranda da faifan yankan kankare, kurfi da hama, tsani ko sikafol, tabarau, takunkumin ƙura, hular kwano.

Na zubi: siminti buhu 3 (lintar kanta ba za ta ci biyu ba, sauran na cike bulo ne da cusawa), yashi mai kaifi wankakke, tsakuwar dutse ta rabin inci ko uku bisa huɗu, rodi mai 12 (wato kaurin milimita 12), rodi mai 8 na zobe, wayar ɗauri, falanki da kusa, kwanon sarki, shebur, cokalin gini, tiyon ruwa na awon daidaito, buhun algarara.

Game da rodi, ka je da kanka ka saya kuma ka auna kaurinsa, akwai wanda ake kira mai 12 a kasuwa amma bai cika ba. Rodin da aka ciro daga rusasshen gini aka miƙar da guduma kar ka yarda a sa maka shi a nan ko da kyauta ne.

Mataki na 1: Buɗe ka ga gaskiyar abin da ke ciki

Cire filastar da ke saman ƙofar ta ciki da ta waje, a hankali da kurfi, har ka wuce bakin ƙofar da ƙafa ɗaya kowane gefe. Kana neman abu uku, inda tsohuwar lintar ta ƙare, zurfinta, da abin da take zaune a kai. Wani lokacin zaka tarar linta ce ta zagaye gida gaba ɗaya, wannan ya ɗan fi sauƙi amma kar ka saki jiki, sau da yawa rodi biyu ne ƴan sirara a ciki, wani lokacin ma sun taso sama lokacin zubi inda ba su da amfani. Wani gidan ma falanki ne kawai aka bari aka ɗora bulo a kai, gara ta gama da shi.

Daga nan shiga silin da fitila. Duba ko katakon rufi ya sauka a kan wannan bangon, layin bulo nawa ne a saman lintar, akwai fayif ɗin wuta ko na ruwa da ya ratsa. Masu wayarin suna son bi ta saman ƙofa sosai, dan haka kashe wuta daga babban makunni, har da janareta da sola, kafin giranda ta taɓa bango.

Mataki na 2: Tokara

Nan ne ake samun asarar rai, kuma nan ne aka fi yin ganganci. Kar a cire firem ɗin ƙofar tukuna. In sama ta riga ta sauka to firem ɗin yana ɗauke da kaya, cire shi kafin tokara na iya sakin bangon lokaci guda. Ganyen ƙofar kawai zaka ɗaga ka fitar in sun yarda, in sun cije bar su sai an tokare.

Ka yi alama inda saman sabuwar linta zai tsaya, sai ka hau layin bulo ɗaya sama da nan ka huda ramuka da suka ratsa bangon, tsakanin rami da rami kar ya wuce ƙafa 3. Ƙofar ƙafa 8 ramuka uku kenan. Zura ƙarfen ko katakon nan ta kowane rami ya leƙo ciki da waje daidai wa daida, sannan a sa tokara ƙarƙashin kowane kai, ɗaya a ɗaki ɗaya a waje, nesa da bango kamar ƙafa 2 saboda ku samu wurin aiki. Da yake bulonmu mai rami ne kuma wani yana da taushi, ka sa guntun falanki tsakanin ƙarfen da bulon da ke samansa dan kar ya murƙushe shi.

Ƙasan tokara kar ya zauna kai tsaye a kan tayil, zai fasa shi kuma zai iya zamewa, shimfiɗa falanki mai kauri. Ta waje kuma ka duba da kyau, in ƙasa ce mai taushi ko cikon da bai daddatsu ba ko kusa da murfin sokawe, sai an faɗaɗa shimfiɗar ko an matsar. Kowace tokara ta tsaya a miƙe sak, a ɗaure su da juna da katako a gicciye. Murza zaren har ya kama tam sannan ka tsaya. Ba ɗaga bango ake yi ba, riƙe shi ake yi a inda yake, in ka matsa da yawa sabuwar tsaga zaka buɗe a sama.

In katakon rufi yana kan bangon, shi ma a ba shi tasa tokarar daban daga cikin ɗaki.

In ba a samu tokarar ƙarfe ba, ana yi da katako mai tauri 3 x 4 ko gora mai kauri busasshiya wadda ba ta tsage ba, sai dai a ninka yawansu, a matse su da guntayen katako biyu masu fuskantar juna daga ƙasa ana bugawa a hankali, in sun kama a kafe su da kusa. Bulo da aka jera ba tokara ba ne, kar a yi.

Mataki na 3: Cire firem da tsohuwar linta

Yanzu a kwance firem. In ya matse a yanka sukurorin, kar a fizge. Zana layin wurin da sabuwar linta za ta shiga, faɗin ƙofa haɗe da inci 9 kowane gefe, ka bi layin da giranda ciki da waje sannan a fara cire bulo ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Babbar guduma ba ta da aiki a nan, girgizarta tana kwance bulon da ka tokare. Tsohuwar lintar a sa mata tokara biyu a ƙasa, a yanka ta gida biyu ko uku a sauke, dan kankare nauyi gare shi, mita ɗaya ta linta mai inci 9 da 9 ta haura kilo 100. Ba wanda zai tsaya a ƙarƙashi, yara a kai su wani sashen, ɗakin kuma ba mai kwana a ciki har a gama.

In kana cikin aiki ka ji ƙara ko kaga gari yana zubowa daga tsaga, kowa ya fita, a dawo a ƙara tokara daga gefe.

Mataki na 4: Gyara mazaunin linta

Wannan matakin magina da yawa suna tsallake shi, kuma rabin gyaran yana nan. Linta komai kyanta in ta zauna a kan bulo mai rami wanda aka farfasa bakinsa lokacin faɗaɗa ƙofa, bulon ne zai murƙushe. Mafi ƙarancin zama inci 6 ne kowane gefe, ni dai inci 9 nake bayarwa. Duk bulon da ya tsage a gefen ƙofar a cire a sa sabo, sannan a cika ramukan bulo da kankare layi uku zuwa ƙasa, in da hali har ƙasa gaba ɗaya da rodi ɗaya a cikin kowane rami.

In abin da ya rage tsakanin ƙofar da kusurwar gida ko wata taga siriri ne, bai kai ƙafa ɗaya da rabi ba, to cike bulo ba zai wadatar ba, fila za a zuba mai rodi 4 masu 12, ta sauka har kan fandisho, ba ta tsaya a kan tayil ko simintin daɓe ba. In bangon na bulo mai inci 6 ne ma fila ta fi kwanciyar hankali.

Mataki na 5: Ɗaurin rodi

Ga abin da nake amfani da shi a bango mai inci 9 da ba ya ɗauke da komai sai ƴan layin bulo da rufin kwano. Ƙofar da ba ta wuce ƙafa 6 ba: zurfi inci 9, rodi 2 masu 12 a ƙasa, 2 a sama. Daga ƙafa 6 zuwa 8: zurfi inci 12, rodi 3 masu 12 a ƙasa, 2 a sama. Zurfi ya fi ƙarin rodi amfani, dan haka in akwai wuri a sama kar ka yi rowar inci uku.

Zobba na rodi mai 8, tazarar inci 4 a kusa da gefe biyu, inci 6 a tsakiya. Rodin ƙasa ya zama guda ne daga wannan kai zuwa wancan, a lanƙwasa bakinsa sama, ba haɗi a tsakiya sam. Kuma kar rodi ya kwanta a kan falanki, a sa masa biskit na siminti mai kaurin inci ɗaya a ƙasa da gefe, in ba haka ba ruwa zai same shi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren bayan ƴan shekaru. Ka sa wa kejin rodin da aka ɗaure alama ta sama da ƙasa kafin a ɗaga, saboda ana juya shi a rashin sani.

Mataki na 6: Katako

Kafinta ya kafa falankin ƙasa da tokararsa daban duk ƙafa 2, a duba daidaito da tiyon ruwa, tsakiya ta ɗan fi gefe tashi kaɗan kamar kwatan inci. Tsayin ya zama tsayin ƙofa da ƙarin wurin filasta da kuma ɗan sarari, zan zo kansa. A zura kejin rodi, a rufe gefe ɗaya gaba ɗaya, ɗaya gefen kuma a yi masa baki buɗaɗɗe a karkace ta sama wanda za a riƙa zuba kankare ta ciki, tunda akwai bango a sama ba za a iya zubawa kai tsaye ba. A toshe duk wata kafa da takardar buhun siminti, a jiƙa katako da bulo kafin zubi.

Mataki na 7: Zubi

Haɗin 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. In kana son ƙarin ƙarfi yi 3 da 6. Leburori suna son ruwa da yawa saboda ya fi sauƙin zubawa, ka tsaya a kansu, kwaɓi ya zama kamar tuwo mai laushi wanda in ka ɗebo a cokali zai zauna, ruwa in ya yi yawa ƙarfin kankaren ya tafi. A zuba kaɗan kaɗan ana soka guntun rodi ana caccakawa, wani kuma yana bubbuga falanki da hama daga waje har iska ta fita, musamman ƙasa wajen rodi da kusurwoyi. A gama a zama ɗaya, ba a raba zubin linta gida biyu a ce gobe a ƙarasa.

Kar ka yi ƙoƙarin cika shi har ya taɓa tsohon bulo, ba zai taɓa kamawa ba domin kankare yana ɗan ja baya in yana bushewa. Bar sarari kamar inci ɗaya. Bayan kwana biyu sai a kwaɓa siminti 1 yashi 3 da ruwa ɗan kaɗan, wanda in ka dunƙula a hannu zai haɗe amma ba zai jiƙa maka tafi ba, a riƙa cusa shi cikin sararin ana dannawa da guntun katako da hama daga ciki da waje har ya ƙi shiga. Wannan cushen shi ne ke miƙa nauyin bango ga sabuwar linta. In aka shafe bakin kawai da filasta, ranar da aka cire tokara bangon zai sauka ya cike sararin da kansa, tsaga ta dawo.

Mataki na 8: Ban ruwa da jira

Kwana 7 a jere ana jiƙawa safe da rana da yamma, a rufe da buhun algarara jiƙaƙƙe. Lokacin hunturu da zafin Maris da Afrilu iska tana shanye ruwan da wuri, sai a ƙara. Falankin gefe ana iya cirewa bayan kwana biyu, na ƙasa da tokararsa sai kwana 14 aƙalla, tokarar bango kuma ina barinta kwana 21. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Na san maigida zai matsa, mai alminiyam zai matsa, mai hayar tokara ma zai yi ta kira, amma a rufe wurin da falanki ko zinki a yi haƙuri.

Ranar cirewa a sassauta tokara ɗaya bayan ɗaya, rabin murɗa, a zagaya, a sake, ana kallon bango. A zare ƙarafan, a cike ramukan da bulo da irin wancan busasshen kwaɓin. Tsoffin tsagogi a buɗe su da giranda, a sa ragar waya sannan a yi filasta.

In ba za a iya jiran sati uku ba

Akwai hanyar ƙarfe. Mai walda ya yanko ƙarfen canel, mai siffar U, guda biyu, girman da injiniya ya faɗa, a shafa musu jan fentin hana tsatsa. Bayan an tokare kamar yadda na faɗa, sai a fafe rabin kaurin bango ta ciki a saka ɗaya a cusa kwaɓi a samansa, bayan kwana uku a fafe ta waje a saka ɗayan, a haɗe su da dogayen noti duk ƙafa 2, a naɗe da ragar waya saboda filasta ta kama. Ya fi tsada amma cikin sati an gama. Shi ma mazauninsa sai an cike shi da kankare.

In kuwa kuɗi ya yi kaɗan, mafi arha shi ne a rage faɗin ƙofar, a gina fila a gefe ta tari kan tsohuwar lintar ta zauna da inci 9 cif, a sayi ƙofa ƙarama. Gidan ƙasa kuma maganarsa daban ce, linta mai nauyin kilo ɗari huɗu ba ta zama a kan bangon ƙasa, sai dai azara mai kyau da zama mai tsawo, ko a tayar da fila biyu daga ƙasa su ɗauki kayan.

Mataki na 9: Mayar da ƙofa

Sai an gama filasta mai alminiyam zai ɗauki awo, a wuri uku, ya yi aiki da mafi ƙanƙanta. Tsakanin saman firem da linta a bar sarari kamar santimita ɗaya, a cike shi da kumfar gwangwani ko silikon, ba da siminti ba, saboda ko linta ta ɗan motsa nan gaba kar ta danne firem. Nauyin irin wannan ƙofar a kan tayoyin ƙasa yake, dan haka layin ƙasa ya kwanta daidai a kan daɓe mai ƙarfi, ramukan fitar ruwa su kalli waje. In ƙofar da ka sayo mai rataya ce daga sama, wannan ƙarin kaya ne a kan linta, tun a mataki na 5 ya kamata a ƙara mata.

Sukurorin sama kar su wuce inci ɗaya da rabi cikin kankare, kuma a huda a tsakanin rodi, in bakin abin hudar ya ci karo da ƙarfe a matsa gefe kar a yanke shi. Bayan an gama ka rubuta tsayin tsakiyar ƙofar da fensir a wani ɓoyayyen wuri jikin firem, ka sake aunawa bayan wata ɗaya da kuma bayan damina ta farko. In awon ya ragu ko tsaga ta sake buɗewa, a mayar da tokara biyu ƙarƙashin lintar a ranar, a kira injiniya ya duba har fandisho.